Kira ga Gwamnatin Jihar Kano: A Ware wa Mai Keke Hanyarsa a Ƙasar Tiga da Bagauda

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano,
ta hannun Kwamishinan Ayyuka.

Kwafi ga Manajan Daraktan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da Kwamandan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa reshen Kano, da shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji, Rano, Bunkure, Kura da Garun Malam.



 Ranka ya daɗe, na rubuto wannan takarda ne a madadin wasu bayin Allah da ba su da tasha, ba su da ofis, ba su kuma da shugaban da zai sa babbar riga ya zo gidan gwamnati ya yi magana da yawunsu, wato masu hawan keke a hanyoyin karkarar kudancin Kano. Direbobin haya suna da ƙungiyarsu, 'yan Adaidaita Sahu suna da tasu, masu tifa ma haka. Shi kuwa mai keke sai mota ta buge shi ake jin labarinsa, wani lokacin ma labarin ba ya wuce ƙauyensu. Abin da muke roƙo guda ɗaya ne: gwamnati ta ware hanyar keke, ta gyara ta, ta kuma tsare ta, wadda za ta tashi daga Bagauda ta je Tiga, ta ratsa ƙasar Rurum da Ruwan Kanya ta shiga Rano, sannan ta biyo ta Bunkure da gonakin Kadawa ta dawo inda ta faro.

Jihar Kano ba ta da teku, ba ta kuma da babban kogi irin Kwara ko Binuwai. Amma magabatanmu ba su zauna suna kallon ruwan damina yana wucewa Haɗeja ba. Marigayi Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar nan daga 1967 zuwa 1975, shi ya ɗauki aikin tare ruwa da muhimmanci, aka fara da Bagauda, sannan aka yi Tiga wadda aka kammala a 1974. Faɗin ruwan Tiga ya kai murabba'in kilomita 178, kuma yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu in ya cika. Bayan su ga Watari a Bagwai, ga Tomas a wajen Ɗambatta, ga Kafin Ciri, ga Kusalla, ga kuma Challawa a ƙasar Ƙaraye wadda aka gama a 1992. An yi su ne domin ruwan sha da noman rani, kuma duk wanda ya taɓa cin shinkafar Kura ko ya sayi tumatir a Kwanar Gafan ya san kuɗin bai tafi a banza ba. Sai dai aikin ya bar mana wani gado da ba a lissafa da shi ba: ƙasa mai tafkuna kusa da juna, da duwatsu, da hanyoyi masu hawa da gangara daidai ƙarfin ƙafar mutum, duk a tazarar da ba ta fi tafiyar sa'a ɗaya da rabi a mota daga birni ba.

Mai mota ba ya ganin wannan ƙasa, wucewa kawai yake yi. Sai wanda ya bi ta a kan sirdi da sassafe, a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da hazo bai gama tashi daga kan ruwa ba. Ko'ina a jihar ya bushe, karan dawa ma an kwashe, amma da ka gangara ƙasar Kadawa sai ka tarar da alkama kore shar, da albasa, da tumatir, ruwa yana gudu a kanal, balbelu suna bin bayan masu ban ruwa. A bakin Tiga masunta suna fitowa da kwale-kwale, mata suna jira da robobi su sari karfasa da tarwaɗa. Ka ɗan matsa gabas sai duwatsun Rurum da na Rano su taso maka, hanya ta fara hawa, numfashi ya fara fita da ƙyar. A wasu ƙasashen irin wannan wuri ake bugawa a kalanda, mutane su biya kuɗin jirgi su zo su gani.

Amma, ranka ya daɗe, kada a ɗauka wannan takarda ta 'yan birni ce masu keken tsere da hular kwano, waɗanda ke fita ranar Asabar don rage tumbi. Muna nan, ba mu da yawa, kuma in don mu kaɗai ne ba zan ɓata maka lokaci ba. Masu hanyar na ainihi su ne waɗanda keke ya zame musu ƙafa. Manomin da ke ɗaura fatanya da buhun taki a kariya ya tafi fadama tun asuba. Ɗalibin sakandaren jeka-ka-dawo da makarantarsa ke wani gari. Malamin firamare, da mai tallan yadi, da mai kai itace, da dattijon da zai je ta'aziyya ƙauye na gaba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Mutane da yawa sun jingine babur a zaure, sun sauko da tsohon Raleigh ko Phoenix daga inda aka rataye shi, an sa masa sabuwar taya da sarƙa. Ba wanda ya yi musu wa'azin motsa jiki ko kare muhalli. Aljihu ne ya yi magana. To mutanen sun dawo kan keke, amma hanyar da suka dawo suka tarar ba ta san da zamansu ba.

Bari in kwatanta abin da ke faruwa a bakin kwalta, domin nan ne rai yake salwanta. Yawancin titunan karkararmu an shimfiɗa su ne daidai faɗin mota biyu, ba a bar komai a gefe ba sai jar ƙasa. Damina ɗaya, biyu, ruwa ya wanke ƙasar, kwalta ta tsaya a sama, gefenta ya zama gangare mai zurfin taƙi guda, bakin kuma ya gutsuttsure kamar gurasar da yara suka yi wa rubdugu. Yanzu ga mutum ya ɗauko kwando biyu na tumatir, ɗaya a kan ɗaya, ya ɗaure da roba a kariya, yana tafe a wannan siririn bakin. Tifa ta taso daga baya, wata motar kuma tana zuwa daga gaba. Direban tifa ba zai taka birki ba, hon zai danna. Mai keke yana da zaɓi biyu cikin daƙiƙa ɗaya: ya tsaya a kan kwalta iskar motar ta fizge shi, ko ya faɗa gangaren da kaya a bayansa. Yawanci gangaren yake zaɓa. Tayar gaba ta nutse a yashi, kan keken ya juye, kwanduna su tarwatse, gargaren ya lanƙwashe. In Allah Ya tsare, ya tashi ya karkaɗe riga yana tsintar abin da bai fashe ba, motar kuwa ta yi nisa, direban bai ma san an yi ba. In kuma ƙarar kwana ta zo, sai a ce tsautsayi. Mun yi imani da ƙaddara, amma wannan gangaren aikin injiniya ne, kuma injiniya zai iya gyara shi.

Inda kuma aka yi sa'a gefen titin yana da kyau, sai ka tarar an yi shanya. Daga kaka zuwa ƙarshen rani, bakin hanya a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ya zama wurin busar da shinkafa da masara da barkono da yankakken tumatir, an jera duwatsu ko kututture don kada mota ta taka. Mai keke dole ya ratse ya shiga tsakiyar titi. Ba na ganin laifin manoman nan ko kaɗan. Mutum ya yi wata uku yana wahala, tumatir ya yi kwantai a kasuwa, in bai yanka ya shanya ba asara zai tafka, kuma babu wani wuri mai tsabta da ya fi kwalta kusa da shi. Korar su da bulala ba za ta yi magani ba, gobe za su dawo. Abin da zai raba wannan rigima shi ne a yi wa kowane gari da ke kan hanyar dandamalin shanya na siminti a bayan gari, a damƙa shi a hannun mai unguwa da ƙungiyar manoma. Amfanin gona zai fita ba ƙura ba hayaƙin mota, bakin titi kuma ya koma hannun masu tafiya.

Gyaran da muke nema a kan titin kansa ba wani sabon abu ba ne a wurin injiniyoyin ma'aikatar ayyuka. A ƙara faɗin kwalta da kamar mita ɗaya da rabi a kowane gefe, a ja farin layi mai kauri tsakaninsa da hanyar mota, a cike gangaren, a gyara bakin kwalbatoci yadda ba za su zama rami ba. A kan gadoji, inda hanya ke tsukewa, a sa allon gargaɗi tun daga nesa. Wannan ƙarin ba mai keke kaɗai zai amfana ba. Mai tafiya a ƙasa zai bi, mai kura zai bi, motar da ta lalace za ta sami wurin rakuɓewa, kuma shi ne zai hana ruwa ci gaba da cin titin daga gefe, abin da ke sa hukumar gyaran tituna ta KARMA komawa wuri ɗaya da faci kowace shekara. Muna roƙon a mayar da shi ƙa'ida: duk kwangilar titin karkara da za a bayar nan gaba, ko ta jiha ce ko ta shirin RAAMP da Bankin Duniya ke tallafawa, a rubuta wannan gefen a cikin takardar aiki tun farko. Ƙara shi lokacin da injina ke wurin ya fi araha nesa ba kusa ba a kan a dawo daga baya.

Akwai kuma wata dukiya da take kwance ba a kula da ita ba, ita ce ta sa na sa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are cikin masu karɓar kwafi. Ruwan Tiga yana bi ta Ruwan Kanya ya shiga babban kanal, daga nan ya rarrabu cikin gonakin shirin noman rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000. Kusan kowane babban kanal yana da hanyar burji a gefensa, wadda aka yi domin ma'aikata masu duba ruwa. Hanyoyin nan a miƙe suke, ba hawa ba gangara, ba tirela, ba motar haya mai gudun wuce sa'a. Manoma sun daɗe suna bin su da kekunansu. In gwamnatin jiha ta zauna da hukumar, tunda ita ke da iko da wurin, aka yi yarjejeniya, aka baje burjin aka danne shi, aka sa alamun da ke nuna ina aka nufa da nisan da ya rage, to wani babban yanki na zagayen ya samu ba tare da an taɓa gonar kowa ba. Abu biyu ne kawai za a kiyaye. A sa shingen ƙarfe a wuraren da ruwa ke da zurfi da ƙarfi, musamman kusa da ƙofofin ruwa, domin yara suna bin hanyar. A kuma kafa allo da Hausa da ajami ana gargaɗin baƙi game da wanka a ruwan kanal, saboda cutar tsargiya ba baƙuwa ba ce a wuraren noman rani.

Sai maganar gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa in mota ta buge mai tafiya a ƙasa tana gudun kilomita 65 a sa'a, haɗarin mutuwarsa ya ninka sau huɗu da rabi a kan in tana gudun 50. Mai keke ba shi da wani ƙarfe da ya kewaye shi, jikinsa ne bodinsa, don haka lissafin bai bambanta ba. A Faransa doka ta wajabta wa direba ya bar tazarar mita ɗaya da rabi in zai wuce mai keke a wajen gari, mita ɗaya a cikin gari. Ba na cewa a kwafo dokar wata ƙasa a liƙa mana. Amma jami'an hukumar kula da zirga-zirga ta KAROTA da na Hukumar Kiyaye Haɗurra suna shiga tashoshin mota suna faɗakarwa, me zai hana wannan ya shiga cikin abin da suke faɗa, a kuma riƙa maimaita shi a gidajen rediyo lokacin kakar tumatir, sa'ad da manyan motoci suka fi yawa a hanyar? Tudun rage gudu ma a karɓe shi daga hannun jama'a. Duk garin da aka buge yaro, washegari matasa za su tara ƙasa da duwatsu a gicciye titi, kuma ba wanda zai ce ba su da hujja. Sai dai irin wannan tudun yakan kayar da mai keke da dare. Hukuma ta yi nata bisa ƙa'ida, ta shafa masa fenti, ta bar 'yar kafa a gefe inda taya za ta wuce.

Mu ma masu keke muna da namu laifin. Da yawa suna tafiya bayan magariba ba fitila ba komai, cikin tufafi masu duhu, wasu kuma suna bin hannun da ba nasu ba. Ledar nan mai ƙyalli da ake liƙa wa manyan motoci, in aka yanka ta ƙanana aka raba ta hannun masu faci da shugabannin makarantu, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma direba zai hango mutum tun daga nesa.

Tunda na ambaci masu faci, ranka ya daɗe, su ne ma'aikatan wannan hanya tun kafin a yi ta. A kowace mararraba akwai ɗaya a gindin darbejiya, da akwatin katako, da famfo, da kwanon ruwan da ya yi baƙi. Ka kawo masa taya ta sace, ya zare tub ɗin, ya hura, ya bi shi a cikin ruwa a hankali har inda kumfa za ta taso, ya tsane wurin, ya kankare, ya shafa gam, ya jira ya sha iska, ya manna ɗan yankin tsohon tub ya daddanna da ƙotar sukundireba. Kafin ka gama shan ruwa ya mayar ya ba ka kekenka, ya kuma gaya maka wace gada ce ta karye a gaba da inda za ka ratse. Irin waɗannan mutane ba sa buƙatar a kawo musu wani kamfani daga birni. A yi musu 'yar rumfa mai kwano, a haƙa rijiyar burtsatse kusa, a kewaye wurin alwala da bayan gida, sai wurin ya zama zango. Mai shayi zai zo da kansa, mai ƙosai da mai rake ma haka. A tsakanin zango da zango kuma a dasa itatuwa, maɗaci ko darbejiya ko mangwaro, a ba makarantun da ke kan hanyar amanar ban ruwa har su kama. Wanda ya taɓa tuƙa keke a watan Afrilu da azahar ya san inuwa ba ado ba ce.

Na san za a sami mai cewa, ana fama da asibiti da makaranta da ruwan sha, wa yake ta keke? Tambaya ce mai kyau. Amsarta ita ce, yaron da zai je makarantar da keke zai je, mai jinyar da zai sayo magani ma haka. Bayan wannan kuma akwai kuɗin shiga. Ƙasar Ruwanda, wadda ba ta kai Jihar Kano yawan jama'a ba, ta buɗe wata hanya a gaɓar tafkin Kibu a 2011, mai tsawon kilomita 227 daga Rubavu zuwa Rusizi. Yawancinta hanyoyin ƙauye ne da suke nan tun da, aka sa musu alama, aka tanadi masauki, aka horar da matasa 'yan rakiya. Yau baƙi suna zuwa daga nesa su yi kwanaki suna bin ta a keke, suna kwana a garuruwan masunta da manoman kofi, kuɗinsu yana zama a can. Ƙasar ta ci gaba da riƙe harkar keke da gaske har ta karɓi gasar tseren keke ta duniya a Kigali a watan Satumban 2025, karo na farko da aka yi ta a Afirka. A Turai ma, hanyar keken da ta kewaye tafkin Konstans, wadda ta ratsa Jamus da Ostiriya da Suwizalan, tana ciyar da masu masauki da masu abinci a garuruwan da ke bakin ruwan. Mu ba sai mun jira Bature ba. Birnin Kano kaɗai yana da ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗaliban jami'a da likita ya ce su motsa jiki saboda hawan jini da ciwon suga, ba su da inda za su. A Bagauda ga ɗaliban Makarantar Horar da Lauyoyi, a harabar tsohon otal ɗin bakin ruwa, waɗanda ke zuwa daga kowace kusurwa ta Najeriya su yi watanni, da yawansu su koma ba su taɓa ganin Tiga ba. Ga otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwa, yana jiran baƙi.

An taɓa gwada kiran mutane su hau keke a ƙasar nan ba tare da an gyara musu hanya ba. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta wannan kira, har ya riƙa zuwa aiki a kan keke a Abuja. Wata rana mota ta ture shi ya faɗa lambatu, 'yan jarida suka samu abin dariya, maganar ta mutu. Ra'ayinsa ba shi da aibu, tsarin ne ya zo a juye. Shi ya sa muke roƙon a fara da kwalta da burji, bikin ya biyo baya.

In hanya ta samu, bikin ma yana da ranarsa. Burkina Faso tana shirya gasar zagayen ƙasarta tun 1987, kuma duk garin da 'yan tsere za su ratsa, ranar kasuwa ce. A nan gida, Ese Ukpeseraye ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta yi tseren keke a gasar Olamfik, a Faris a 2024, har sai da tawagar Jamus ta ara mata keke a wani rukunin. Yaron da ke hawo tudun Rano da buhun masara a bayansa yana da ƙafar da mai horarwa zai yi murna da ita, ba a dai taɓa gwada shi ba ne. Gasa ɗaya a shekara, a lokacin sanyi, da rukunin keken tsere da rukunin keken gida wanda kowa zai shiga da abin da yake da shi, za ta fito da irinsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018, ana iya amfani da ita wajen faɗakarwa a makarantu. Garin da kamfanin Raleigh ya taɓa kafa masana'antar keke a Bompai bai kamata a bar shi a baya a wannan fage ba.

Ina da roƙo a kan yadda za a yi aikin, domin wani lokacin yadda aka yi abu ya fi abin kansa muhimmanci. Kada a mayar da shi katafariyar kwangila mai ƙofar shiga da kuɗin tikiti. Kada a katange bakin ruwa a hana masunta da masu wanki da makiyaya. Hanyar za ta gicciye burtali da mashaya a wurare da dama, to a zauna da ardo-ardo tun kafin a kafa turaku, a bar wa shanu mahayarsu, a sa alama. A nemi shawarar masu martaba sarakuna da hakimai da dagatai, su suka san inda ruwa ke yanke hanya da damina da inda ake rigimar iyaka. Tsaro kuma a ɗora shi a kan 'yan sanda da 'yan sintirin garuruwan, a tsaya a yankin da jama'a suke da yawa tukuna. Ɓangaren da ya nufi dajin Falgore, wanda ya sha fama da ɓarayin shanu a shekarun baya, a bar shi sai an ga yadda na farko ya kasance.

In wannan zagaye ya yi kyau, sauran tafkunan suna nan. Challawa da Kusalla za su ba da zagaye na biyu a ƙasar Ƙaraye. Watari kuwa tana da nata dalilin da ya fi yawon buɗe ido nauyi. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, da jirgin ruwa ya kife tsakanin Badau da Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Allah Ya jiƙansu. Mutanen da ke zaune a bayan ruwa suna cika jirgi ne saboda zagayowa ta ƙasa akwai nisa da wahala. Hanya mai kyau a gefen tafki, ko da ta burji ce wadda keke da babur za su bi rani da damina, tana rage wa jirgi lodi.

Ranka ya daɗe, gani ya kori ji. Muna roƙon ka umarci Kwamishinan Ayyuka ya turo injiniyoyi biyu ko uku, su bar motar ofis a Bagauda, a ba su kekuna, su bi hanyar zuwa Tiga da Rano a ranar kasuwa cikin kakar tumatir, tare da wakilin hukumar kogunan da na dagatan yankin. Abin da suka rubuto, a sa kashin farko na aikin, daga Bagauda zuwa Tiga, a cikin kasafin kuɗin shekara mai zuwa. Mu kuma a shirye muke mu yi musu jagora duk ranar da aka sa.

Allah Ya taimaki Gwamna, Ya ba Jihar Kano lafiya da zama lafiya.